Makaranta na so a yi wa ɗana gwajin matsalar karatu, me zan tarar?

Uwa mai neman shawara:
Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa 8, yana aji uku. In ka ba shi labari da baki, zai maimaita maka tsaf, har da inda ka manta. Amma a ajiye masa littafi sai ya tsaya cak. Kalmar da ya karanta a layin farko, in ta sake fitowa a ƙasa, kamar bai taɓa ganinta ba. Jiya mun kusa awa guda a kan layi biyar, ya fashe da kuka yana cewa shi daƙiƙi ne. Wannan kalmar ce ta hana ni barci. Malamarsa ta ce in sa hannu a yi masa gwaji. Babansa ya ƙi, wai lalaci ne, kuma za a ɓata wa yaro suna. Don Allah me ake yi a gwajin nan?

Tsohuwar malamar firamare:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Da farko a kai shi a duba ido da kunne, domin yaron da ba ya jin sauti sosai ba zai iya haɗa shi da harafi ba.

Gwajin kansa ba jarrabawar ci ko faɗuwa ba ce. Masani zai zauna da shi su biyu, wani lokaci zama biyu ko uku. Akan auna basirarsa da wani gwaji da ake kira Wechsler, wanda aka tsara wa 'yan shekara 6 zuwa 16. Sai a ba shi kalmomin da aka ƙirƙira, marasa ma'ana, ya karanta. Dalili kuwa, yaro mai wayo yana haddace siffar kalma ya rufe wa malami ido, amma baƙuwar kalma dole ya bi ta sauti bayan sauti, a nan ake gane inda gizo ke saƙa. Za a ce ya cire sautin farko daga kalma, ya faɗi sunayen launuka da sauri, ya yi rubutu da lissafi. Ke ma za a tambaye ki yaushe ya fara magana, da ko ya taɓa daɗewa bai je makaranta ba.

Abin da kika bayyana ya yi kama da disileksiya, wato matsalar da ke sa karatu ya yi wa yaro wuya duk da basirarsa, amma ba a yanke hukunci daga nesa. Ƙa'idar da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka fitar a 2013 ta ce ba a tabbatar da matsalar sai ta kai wata 6 duk da taimakon da aka ba yaron.

Uban yarinya mai disileksiya:
Baiwar Allah, ki gaya wa maigida ni ma haka na ce, na ja shekara biyu ina ƙi, har yau abin yana damuna. Suna ai an riga an sa masa, tunda shi da bakinsa ya ce daƙiƙi. Ki tafi da littattafansa na bara da na bana. Ki nemi a ba ki sakamakon a rubuce, kada ki tashi sai an faɗa miki abin da za a canza a aji. 'Yata an ƙara mata lokaci a jarrabawa, an daina tashinta karatu a gaban 'yan aji, kuma wata malama tana bi da ita sauti da harafi daki-daki.

Mai koyar da yara masu buƙata ta musamman:
Ki tambaya da wane harshe za a gwada shi. In ba wanda ya fi ji ba ne, sakamakon zai iya yi masa ƙarya. A duba natsuwarsa kuma, domin rashin natsuwa da disileksiya sukan zo tare. Akwai wani a dangi da karatu ya wahalar? Abin yana bin jini.

Uwa mai neman shawara:
Allah ya saka muku da alheri. Ƙanin babansa haka ya sha fama har ya bar makaranta, ban taɓa haɗa su ba sai yanzu. Yau da dare zan nuna wa maigida amsoshinku, gobe kuma mu fara da likitan kunne.