Indicted: zargi ne ko tuhuma?

Malamai masu fassarar labaran kotu, a taimaka. Sauran kalmomin sun zauna: alleged da accused of zargi ne kawai, charged with tuhuma ce a hukumance, arraigned kuma gurfanarwa, ranar da ake karanta wa mutum laifinsa ya amsa ko ya musanta.

Indicted ce ta gagara. A Amurka rukunin mutanen gari masu nazarin hujjar mai gabatar da ƙara (grand jury) ne ke yin ta, daga nan sai shari'a. A Najeriya kuwa kwamitin bincike ma yana indicting, kamar yadda aka yi wa Atiku kafin zaɓen 2007, alhali ba kotu ba ce. In an ce "tuhuma" kamar an kai mutum gaban alƙali ke nan, "samu da laifi" kuma convicted ce, ana iya jawo ƙarar ɓata suna. Wace kalma kuke sa wa a nan?