Bayan an gama bita an raba satifiket, wa kuke komawa wurinsa?

'Yar Jere: Assalamu alaikum. Tambayata ga masu zama da waɗanda rikici ya taɓa ce, ko ta hira kuke yi, ko addu'a, ko taron mata. A 2019 wata ƙungiya ta yi mana bita a Maiduguri kan tsarin PM+ na Hukumar Lafiya ta Duniya: zama 5, sau ɗaya a mako, kowanne kamar awa ɗaya da rabi. Ana koya wa mutum jan numfashi a hankali, a ɗauki matsala guda a warware ta daki-daki, a lallaɓa shi ya koma 'yar sana'arsa da shiga mutane. Duk Alhamis mukan zauna da mai duba aikinmu, kowa ya kawo abin da ya gagare shi. Da kwangilar ta ƙare, zaman ya mutu. Su kuwa matan ba su daina sallama a ƙofar gidana ba. Kwanakin baya wata ta ce mini ta gaji da rayuwa, na kwana ina juyi, ban san wa zan kira ba. Ku yaya kuke yi?

Malamin allo daga Potiskum: Wa alaikumus salam. Na fi shekara ashirin ina tofi da rukiyya. A da, duk wanda aka kawo mini yana zabura cikin dare, ko ya ji ƙarar babur ya ɗau rawar jiki, aljanu nake kawowa a raina. Wata nas ce, 'yar maƙwabcina, ta zaunar da ni ta bayyana mini cewa wanda ya ga an kashe nasa a gabansa, jikinsa kan ci gaba da zama cikin shirin gudu ko bayan shekaru. Ban bar addu'a ba, kuma ba zan bari ba. Amma yanzu ina tambaya: yana barci? Yana cin abinci? Yana maganar kashe kansa? In na ji na ukun, a ranar nake sa a kai shi asibiti. Ba wanda ya taɓa gayyatata bita. Lambar yarinyar nan ita ce makarantata.

Nas a Maiduguri: Allah ya saka da alheri, Malam. Irin wannan haɗin an gwada shi a Ibadan da Kumasi ƙarƙashin Farfesa Oye Gureje: ma'aikatan lafiya suna ziyartar masu maganin gargajiya da na addu'a, suna duba masu taɓin hankali tare. Sakamakon da ya fito a 2020 ya nuna waɗanda aka kula da su ta haka sun fi samun sauƙi. 'Yar Jere, don Allah kada matar nan ta zama nauyinki ke kaɗai. Ki sanar da wani nata da ta yarda da shi, kada a bar ta ita ɗaya, ku kawo ta asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke titin Baga. Na turo miki lambata ta saƙo.

Mama daga Michika: Mu a coci muka fara, bayan mun dawo daga gudun 2014. An koya mana aikin igiya: a shimfiɗa ta a ƙasa a matsayin rayuwar mutum, ya ɗora fure a inda ya ji daɗi, dutse a inda ya sha wuya. Kwana uku aka yi mana, aka tafi. Na gwada da wata yarinya da ta tsero daga daji. Da ta kai kan babban dutsen sai ta sandare, ido a buɗe, ba ta jin kira. Na iya buɗe maganar, ban iya rufe ta ba. Sai da na yayyafa mata ruwa, na riƙe hannunta ina ta kiran sunanta, ina faɗa mata ranar da wurin da muke, kafin ta dawo. Tun daga nan na ajiye igiyar, kuma har gobe ina ganin bai kamata a miƙa wa ɗan kwana uku wannan aikin ba tare da wani gogagge a kusa ba. Abin da ya tsira mana shi ne haɗuwar Asabar ɗin farko ta wata. Mu bakwai ne, biyu Musulmi. Ba ma ambaton sunan kowa, sai dai “wata mata” ko “wani yaro”. Kafin mu taɓa maganar aiki, kowa sai ta faɗi yadda ta kwana.

Ɗan Gusau: Ku kun ma samu bitar. Nan waɗanda aka karɓo daga hannun 'yan bindiga, wanka ake musu, a yi barka, shi ke nan. Ƙanina ya yi wata biyu a daji, yanzu ba ya iya kwana a ɗaki in an rufe ƙofa. Ni nake zama da shi da wasu samari uku irinsa, da ka kawai nake yi.

Nas a Maiduguri: Ɗan'uwa, kada ka matsa musu su ba da labari. Ka bar ƙofar a buɗe yadda yake so, ka lura ko sun fara shan ƙwaya don su samu barci, don ta nan yawanci ake rasa samari.

'Yar Jere: Mama, maganar “yadda ta kwana” ta taɓa ni. Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024, ruwa ya ci gidana. A makarantar da muka fake, matan da nake zama da su suka gan ni, suka kewaye ni da kuka, ni ma ban san inda yarana biyu suke ba sai washegari. Na zauna na saurare su har dare. Ba wanda ya tambaye ni komai. Har yanzu in hadari ya haɗu gabana faɗuwa yake.

Anti Nas, in za ki iya ba mu awa ɗaya a wata ta waya, ni zan tattara lambobi. Malam, bayan la'asar ɗin Alhamis ya yi maka?

Malamin allo daga Potiskum: Ya yi, Alhamis yara ba sa karatu. A sa ɗan Gusau a farko.