Ɗalibaina suna maimaita labari maimakon su yi nazari

Assalamu alaikum malamai 'yan uwa. Ina koyar da adabi a ajin ƙarshe na sakandare, kuma abu ɗaya ya gagare ni. Duk lokacin da na ce a fitar da jigon ƙagaggen labari a warware shi, sai su kwashe labarin tun daga farko har ƙarshe su zuba min a takarda. Babu hujja daga matanin, babu ra'ayinsu.

Na rubuta musu ma'anar jigo, salo, zubi da tsari da taurari a allo. Sun haddace tsaf, amma ba sa iya ɗora su a kan littafin. Na ba su samfurin insha'i mai gabatarwa, gundarin bayani da kammalawa, sai suka kwafe shi, sunayen taurari kawai suka canza. Aikin rukuni kuwa, mutum ɗaya ke rubutu, sauran suna hira. Ga littattafan ba sa isa kowa ya riƙe nasa.

Wane atisaye kuka gwada da ya koya wa ɗalibi rubuta sakin layi ɗaya mai ra'ayi, da hujja daga matani, da bayanin hujjar? Na gode.