Masu Hausa a taimaka: me zan kira expansion team da rookie a shirin gobe?

Mai Shirin Wasanni:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ku agaza min, gobe bayan la'asar zan naɗi shirin wasanni kuma wannan makon tarihin Toronto Raptors zan kawo, kakarsu ta farko a NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, wato 1995/96. Na zaɓe su ne saboda yaranmu sun san ƙungiyar ta dalilin Masai Ujiri da ya tashi a Zariya ya kuma shugabance ta, sun ga kofin 2019, amma ba su san irin wuyar da aka sha a farko ba. Wasa 82 suka buga shekarar, suka ci 21 aka doke su a 61, ko fili nasu na kansu ba su da shi, a SkyDome suke wasa wanda asalinsa filin baseball ne aka shimfiɗa katako a gefe guda. Kalmomi uku ne suka tsaya min a wuya: expansion team, expansion draft, sai rookie. Bana son in yi ta jefa Turanci, masu saurarona akwai ƴan kasuwar Kwari da masu adaidaita da matan gida, so nake wanda bai taɓa kallon NBA ba ya gane.

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam. Rookie ai sabon shiga ne, ba sai an wahala ba. Expansion team kuma ka ce ƙungiyar da ta hauro gasar, shikenan.

Koci Ƙofar Mata:
A'a ɗan'uwa, hauro ɗin nan kar ya shiga shirin nan ko da wasa. NBA babu hawa babu faɗuwa, ba kamar Firimiya ba ce da ake fitowa daga rukuni na biyu. Toronto ba ta hauro daga ko'ina ba, babu ita ne gaba ɗaya aka ƙirƙire ta, masu ita suka biya dala miliyan 125 aka buɗe musu gurbi, su da Vancouver Grizzlies a shekara ɗaya, ƙungiyoyi suka tashi daga 27 suka koma 29. In ka ce ta hauro mai sauraro zai ɗauka ta ci wata gasa ce ta ƙasa, kuma zai zaci da suka sha kashi 61 sun koma inda suka fito.
Shi kuma expansion draft ga yadda yake, kowace tsohuwar ƙungiya an ce ta killace ƴan wasa takwas da ba a taɓawa, ragowar sai sabbin nan biyu su riƙa ɗauka bi da bi, kuma ba a ɗaukar fiye da mutum ɗaya a ƙungiya ɗaya. Wanda Toronto ta fara ɗauka B.J. Armstrong ne na Chicago Bulls, shi kuwa ya ce ba zai je ba, dole suka yi musayarsa da Golden State. To kalmar da za a samo sai ta ɗauki wannan ma'anar.

Anti Mai Fassara:
Da bayanin Koci abin ya fito. Ni zan ce ƙungiyar ƙari, tunda ƙari aka yi a kan adadin da ake da shi. Ƙungiyar faɗaɗa gasa ta fi kusa da Turancin amma ta yi nauyi a baki, a rediyo in ka maimaita ta sau uku numfashinka zai ƙare. Expansion draft kuma zaɓen karo-karo, don kowa ya ba da ɗaya aka haɗa musu. Rookie ina tare da Ɗan Fagge.

Baban Gwale:
Ku tsaya, ku tsaya. Kalmar tana gabanku kuna tsallake ta. AMARYA. Amaryar gasa. Gida ne da mutanensa, an kawo sabuwa daga waje, an biya kuɗi kafin ta shigo, kowa ya kawo gudummawa an yi mata jere, shekarar farko ana kallonta ana gwada ta. Me ya rage a ma'anar expansion team da amarya ba ta ɗauka ba? Toronto da Vancouver amaren 1995. Ka faɗi wannan a rediyo wallahi har tsohuwar da ke tankaɗe a tsakar gida sai ta gane ba tare da ƙarin bayani ba.

Anti Mai Fassara:
Baba da girmanka, amarya ai ana lallaɓa ta ne. Su waɗannan kowa dukansu yake, Vancouver ma 15 kawai ta ci aka doke ta sau 67. Sannan ka san halin samarinmu, ranar da aka fara kiran ƙungiya amarya a rediyo washegari zagi zai koma a gidan kallo, kuma a kan mata zai ƙare.

Baban Gwale:
Ƴata, ba kowace amarya ake lallaɓawa ba, je ki tambaya. Ƙari kuma ai abin da mai tumatir yake jefa miki ne bayan kin gama ciniki. Wa zai biya dala miliyan 125 a kira shi ƙari?

Ɗan Fagge:
Wannan gyara sunansa Baba

Malamin Hausa:
Na karanta duka. Abin da ya dame ni ba kalmomin nan uku ba ne kaɗai, yadda muka mayar da kanmu ne. Mutanen da suka fara sharhin ƙwallon ƙafa da Hausa sun zauna sun yi aiki, shi ya sa yau muke da bugun daga kai sai mai tsaron gida, da satar gida, da bugun kusurwa, da bugun tazara, da alƙalin wasa. Har ƙwallon kwando ɗin ma wani ne ya zauna ya raɗa, kuma ya dace, don James Naismith da ya ƙirƙiro wasan a 1891 kwandunan zuba ƴaƴan itace ya rataye. Amma yanzu yaro zai buɗe baki ya ce ya yi donkin, ya ɗauki ribawun, wane ne koci. Mai horarwa ta yi mana laifin me? Idan masu rediyo ba su tsaya ba nan da shekara ashirin babu sauran Hausa a filin wasa.
Rookie dai kurtu ne. Jam'i kurata. Kalma ɗaya, gajera, kowa ya san ta. Sabon shiga ta yi faɗi, wanda ya shiga kasuwa jiya ma sabon shiga ne.

Bazazzagi:
Allah ya gafarta Malam, kurtu ɗin ai daga recruit aka aro ta, bakin sojan Turawa ta fito 😊

Malamin Hausa:
Na sani sarai. Aron da ya shekara ɗari a gida ya yi jam'i irin na Hausa ya shiga karin magana ba ɗaya yake da wanda yaro ya kwaso jiya a YouTube ba. Ba aro nake ƙi ba, lalaci nake ƙi.

Koci Ƙofar Mata:
Malam ina girmama ka amma maganar lalaci ta yi min zafi. Ka zo filin da yamma ka gani, yara ne wasu takalmin ma aro suke yi, wanda ya fita ya cire ya miƙa wa wanda zai shiga, ga ƙwallo ɗaya duk ta suɗe, kuma a haka suke gudu har magariba. In ƙwallo ta daki ƙarfe ta dawo ina da daƙiƙa ɗaya in yi ihu, ribawun zan ce su tashi sama, ba zan tsaya ina cewa ku cafke wadda ta dawo daga allo ba. Ku ba mu kalma gajera mu ɗauka da hannu biyu. Ba a taɓa zuwa an ba mu ba sai dai a zauna a ce mun ɓata harshe.
Kurtu kuma ba za ta yi ba, dalili kuwa kurtu bai iya komai ba tukuna, koya masa ake. Damon Stoudamire da Toronto ta ɗauka na bakwai a zaɓen sabbin ƴan wasa na 1995 shekara huɗu ya yi yana wasa a jami'ar Arizona, gajere ne a cikinsu bai kai ƙafa shida ba, amma a shekarar farkon nan maki 19 yake ci a kowane wasa in an raba, ga ba da ƙwallo a ci sau 9, shi ne ma ya ɗauki kyautar rookie na shekara. A wannan kakar dai Arvydas Sabonis ya zo Portland yana da shekara 30, ya ci zinare a Olamfik ta 1988, ya buga wa Real Madrid, amma a NBA rookie ne. Wannan za ka kira kurtu? Ko ɗan koyo? Ma'anar kawai shekararsa ta farko ce a wannan gasar.

Anti Mai Fassara:
Misalin Sabonis ya kashe maganar. To ɗan shekarar fari kenan in ana son daidai, sabon shiga in ana son sauƙi. Kyautar kuma gwarzon sabbin shiga.

Bazazzagi:
Mu a wajenmu farin shiga muka fi cewa kuma ta fi daɗi a kunne. Gaskiya ma in maganar kwando ce kamata ya yi a tambayi Zariya, a nan Masai ya koyi wasa wajen Koci Oliver Johnson, ABU ta daɗe tana fitar da ƴan wasa. Amma kullum sai a ce sai abin da Kano ta faɗa shi ne Hausa.

Ɗan Fagge:
To ai daidaitacciyar Hausa a kan karin Kano aka gina ta, ba mu muka ce ba. Kwando kuma kar ka manta Kano Pillars ta zo ta uku a Afirka a 2016 a Alƙahira. Ku kawo naku mu gani.

Bazazzagi:
Namu ya ɗauko kofin NBA a 2019, ɗan Afirka yana shugabancin ƙungiya a lokacin. Wane kawowa kuma?

Ɗan Fagge:
Ya ɗauko wa Kanada dai

Baban Gwale:
Duk wannan rigimar da kun karɓi amarya da tuni an tashi. Kuma ku duba, ta warware muku rookie ma, ango. Angon gasa. Gwarzon angwaye.

Malamin Hausa:
Alhaji wannan kam a'a. Amarya ma ban amince ba balle ango. Kwatance daban, suna daban. Mai sharhi yana iya cewa sun shigo kamar amare sau ɗaya don armashi, amma ba za a rubuta shi a matsayin kalmar fannu ba. Kuma karo-karo da ake ta wucewa a kai ni ban gamsu ba. Karo-karo da son rai ake yi, mutum ya ba da abin da yake da amfani. Nan kuwa dole aka yi musu, kuma kowa ya ɓoye na kirki ya tura wanda ya gaji da shi.

Koci Ƙofar Mata:
Nan kam Malam ya yi gaskiya. Yawanci waɗanda shekaru suka ja ne ko masu albashi mai nauyi ko waɗanda ke zaman benci. Shi ya sa ƙungiyar ƙari take shan wuya shekarun farko, Toronto sai a 2000 ta fara shiga wasannin fitar da gwani, Vancouver kuwa ba ta taɓa shiga ba har aka kwashe ta zuwa Memphis a 2001. Ni da zaɓen tsince zan ce.

Anti Mai Fassara:
Tsince ta yi kaifi, kamar ana zagin ƴan wasan. Zaɓen ragowa fa?

Ɗan Fagge:
Kwantai 😂

Koci Ƙofar Mata:
Kar a kira su kwantai dan Allah. Mai shiri ka tabbata ka saka wannan: ranar 24 ga Maris 1996 waɗannan mutanen suka doke Chicago Bulls 109 da 108 a gaban ƴan kallo sama da dubu 36. Bulls ɗin da ta ci 72 a shekarar, sau 10 kacal aka doke ta, ga Jordan ga Pippen. Jordan ya yi jifan ƙarshe ƙwallo ta shiga amma lokaci ya riga ya cika, aka ce babu. Wasansu na farko ma ranar 3 ga Nuwamba 1995 sun ci New Jersey Nets 94 da 79. Ni abin da nake so yarana su ji kenan, ƙungiyar da aka haɗa da waɗanda ba a so ta tsaya gaban Jordan.

Mai Shirin Wasanni:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri, dare ya yi kuma sai na miƙa rubutun da safe. Ga abin da zan yi. Expansion team zan ce ƙungiyar ƙari, karon farko zan bi ta da bayanin Koci cewa ƙirƙirarta aka yi aka saya mata gurbi, kuma babu faɗuwa a gasar. Rookie sabon shiga, Stoudamire gwarzon sabbin shiga, zan kawo misalin Sabonis don kar a zaci ɗan koyo ake nufi. Expansion draft ban samu wadda ta kwanta min ba, don haka ba zan raɗa mata suna ba, zan ce zaɓen da aka yi musu daga ragowar ƴan wasan tsofaffin ƙungiyoyi, ya yi tsawo amma sau ɗaya zan faɗa. Wasan Bulls shi zan rufe shirin da shi. Baba ka yi haƙuri, amarya ba za ta shiga ba.

Baban Gwale:
Shirinka ne. Amma ka buɗe layin waya ka faɗi duka biyun ka ji wadda mutane za su riƙe. Ni dai a majalisarmu amarya zan ci gaba da cewa.

Bazazzagi:
Farin shiga dai ta fi, amma a je a haka.

Malamin Hausa:
Ƙungiyar ƙari ba ta burge ni ba, sai dai ba kuskure ba ce, zan iya zama da ita. Sharaɗina ɗaya, in ka zo kan Brendan Malone da ya horar da Toronto a kakar ka ce mai horarwa, kar in ji koci. Shi kuma na Ƙofar Mata ya turo min jerin kalmomin da suke ihu da su a fili, ya fara da ribawun ɗin, zan zo ranar Asabar in ga yadda abin yake kafin in ce komai.