Ɗora wa Marsandi W123 injin 280E, zai yiwu?

Mai tambaya:
Salam 'yan'uwa. Akwai Marsandi 200 ƙirar 1982, mai bodin da ake kira W123, da mahaifina ya bar mini. Injinta M102 ne, silinda huɗu, ya fara shan baƙin mai yana hayaƙi. Maimakon in yi masa ringi, ina son in ɗora mata injin M110 na Marsandi 280E, mai silinda shida. Fenti da kujeru sai daga baya. Me zan tanada?

Amsa ta 1:
Wa'alaikumus salam. Malam, ka yi sa'a, don kamfanin da kansa ya fitar da wannan bodin da M110, wurin zamansa na nan. Amma kada ka sayi inji tsirara. Nemi 280E da ta mutu ka kwashe komai: giyabos, farfela, lagireto, wayoyi, har sifirin gaba, saboda injin ya fi naka nauyi, hancin motar zai duƙa. Kuma taka kafireta ce, shi kuwa M110 ɗin injekta ne, wanda ake kira K-Jetronic, dole sai famfon mai na lantarki mai ƙarfi. Nan ne bakanike da yawa ke kwafsawa.

Amsa ta 2:
Ni dai fenti daga baya na yarda, amma tsatsa ba ta jira. Ɗaga kafet ka ƙwanƙwasa ƙasan motar, ka leƙa ƙarƙashin batir da ramukan jak. In sukudireba ta huda, mai walda za ka fara gani.

Mai tambaya:
Na leƙa yanzu. Ɓangaren direba har ƙasa nake hangowa.

Amsa ta 1:
To ajiye maganar inji tukuna, ɗan'uwa.