Don Allah wane app ne zai haɗa ni da maigida kan allurar IVF?

Salamu alaikum 'yan uwa, ina Nima ne nan Accra, mun fara IVF (haɗa ƙwai da maniyyi a waje, sannan a dasa a mahaifa don samun ciki) a wani asibiti, allurar hormon ɗin kullum ce kuma likita ya ce kar lokacinta ya kuskure. Matsalar maigida direban babbar mota ne yana hanyar Kumasi zuwa Tamale, ni kaɗai nake riƙe komai, ranar sikanin, ranar gwajin jini, ga maganin sai a firij kuma dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, bai bar mu ba. Na gwada alam na waya da WhatsApp, saƙo yana nutsewa cikin hira. Akwai app da mu biyu za mu riƙa ganin jadawali ɗaya, yana tuna mana tare, wanda ba ya cin data sosai? Kuma mai sirri don Allah, dangi ba su sani ba tukuna.