Ciwon sukarin LADA: shawarwarin da aka tattaro

LADA ciwon sukari ne da ke kama manya a hankali, wanda garkuwar jiki ke haddasawa. Muhawarar da ake yi a kansa ta fi zafi kan suna. Wasu na cewa LADA, wasu nau'i na 1.5. Ƙungiyar ciwon sukari ta Amurka ta sa shi cikin nau'i na 1, ita kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ware shi cikin nau'o'in gauraye, wato masu haɗa siffofin nau'i na 1 da na 2.

Kan aiki dai baki ya zo ɗaya. Baligin da ya haura shekara 30, ba mai ƙiba ba, ƙwayoyin maganin sukari sun fara gaza masa, a yi masa gwajin jini na GAD (mai nuna ko garkuwar jiki na kai wa jikin hari) da C-peptide (mai nuna yawan insulin da jiki ke samarwa, wato sinadarin da ke daidaita sukarin jini), domin garkuwar jikinsa na iya zama mai lalata ƙwayoyin halittar da ke samar da insulin sannu a hankali. A guji ƙwayar maganin sukari ta gilibenkilamaid, kada a jinkirta allurar insulin. Abin da ke damuna shi ne yadda ake ɗora wa majinyaci laifin rashin kiyaye abinci alhali ganewar ce ta kuskure.